Ramin Ƙofa a Haratul Yahud

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga unguwar Rusaifa a nan Makka, mu uku: ni da ƙanwata da mahaifinmu. Masu aiko min da saƙo kuna tambaya ina na shige kwana biyu, to ga amsarku. Alƙahira muka je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai mu ba, likita muka je gani. Wanda ya zo neman hoton dala da raƙumi ya yi haƙuri, ban ɗauko ba. Hoto ɗaya tak na ɗauka a tafiyar nan, shi ma na goge shi, za ku ji dalili.

Bari in fara gaya muku waye Baba, don ku gane sauran. Ya haura tamanin. A nan Makka aka haife shi. Iyayensa ne suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa, suka sauke farali, suka ce ba inda za su koma. Ya yi kusan shekara hamsin yana gasa tsire a bakin lungunmu, abin da Larabawan nan ke kira siriya suna ci suna lashe yatsu. Shekara huɗu ke nan da kansa ya fara zubar da kaya: yau sunan ranar mako ya faɗi, gobe na maƙwabci, jibi fuskar jikansa. Ƙanwata sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka tun tana zanin goyo Inna yake ce mata, yanzu kuwa ciwon ya mayar da abin gaske, har izininta yake nema kafin ya sha shayi. Ni kuma, ɗansa na fari, an sauke ni daga muƙamina. A wurinsa direba ne ni yanzu.

Kullum da safe zai sa takalmi, ya gyara hula, ya je ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa na dama yana lalube a jikin bango kamar mai neman makunnin fitila. Sai ya ce, "Malam direba, kai ni gida." Gidan da yake nufi babu shi. A unguwarmu ta kan dutse yake, inda kakanninmu suka ɗora duwatsu da hannunsu. Shekara uku da suka wuce aikin faɗaɗa gari ya biyo ta kanmu kamar yadda ya bi ta kan wasu, aka shafa wa bangonmu lamba da jan fenti, aka biya diyya, ni na sa hannu a madadinsa. Lokacin yana kwance a asibiti. Da aka sallame shi muka wuce da shi kai tsaye shuggar da muka saya, wato sashe a gidan bene, hawa na huɗu a Rusaifa, muka ce masa gyaran gida ake yi. Ƙaryar mako biyu muka yi niyya, ga ta nan ta shekara uku tana cin tuwo tare da mu. Sau biyu yana sulalewa ya tafi neman gidan da kansa. A na biyun wani direban bas ne ya tsince shi a hanyar Muzdalifa, ƙafafunsa sun yi bororo. Ba zan ɓoye muku ba, na gaji da tambayar nan, har akwai safiyar da nake shigewa banɗaki in kulle don kada in ji ta.

Tashar jirgin ƙasa ba ta da nisa da mu, don haka shi muka hau zuwa filin jirgin sama na Jidda. Baba ya zauna a jikin taga yana kallon duwatsun da aka datse gida biyu, da manyan motocin da ke kwashe su tun gari bai gama wayewa ba. Can ya juyo ya ce wannan direban ba shi da kirki, ko sau ɗaya bai tsaya ya ɗauki fasinja a hanya ba. Ƙanwata ta yi dariya har da ƙwalla. Ni na duƙufa a kan fasfo uku da jakar magunguna, ina ta ƙirga su kamar za su haihu.

Tafiyar sama ba ta kai a yi barci ba muka sauka. Alƙahira ba ta yi mana sallama ba, ham ta danna mana. Kowace mota tana kuka, kowane direba yana da gaskiya, masu tsallaka titi kuma sun sallama rayuwarsu ga Allah tun daga gida. A wajen tasi na koyi darasin farko. Idan suka ga fatarmu sai su ɗauka 'yan Sudan ne, su faɗi kuɗi mai sauƙi. Ina buɗe baki Larabcin Hijaz ya fito, sai kuɗin ya tashi ya ninka kansa a gabana ba ko kunya. Daga ranar ƙanwata ta kafa doka: in za a yi ciniki, in rufe bakina, ita za ta yi da hannu da yatsina fuska. Dokar ta yi aiki.

Masaukinmu yana unguwar da asibitoci suka yi yawa. A cikin lif na ji Hausa tsantsa, wata dattijuwa daga Sakkwato tana yi wa ɗanta faɗa a kan ya manta takardar gwaji, a falo kuma wasu mutanen Yamai da jakunkunan hoton ƙirji. Duk wanda ka gani da babbar ambulan a hammata, ɗan'uwa ne, ko ba ku gaisa ba. Abinci kuwa, ful ɗinsu, wato dafaffen wake, yana da kyau amma babu gurasar tamis mai zafi irin tamu, sai wata gurasa mai dusa. Da aka kawo koshari, wato shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, Baba ya juya cokali a ciki ya ce mai dafa wannan bai yanke shawara ba. Gasasshen namansu kuma ya ɗaga tsinke ɗaya, ya duba gaba ya duba baya, ya ce nama ne tsirara, ko ƙuli ba a sa masa ba. A kan nama kansa bai taɓa zubar da komai ba.

Rana ta biyu aka yi hoton ƙwaƙwalwa, ta uku muka koma jin sakamako. Likitan mutum ne mai sanyin murya. Ya tambayi Baba yau wace rana, Baba ya ce ta Allah. Ya ba shi takarda ya zana agogo, ya zana wani abu mai kama da faranti. Sai ya nuna ni ya ce wane ne wannan. Baba ya dube ni da kyau, ya ce, "Direba ne. Yaron kirki, sai dai saurin fushi." Bayan an fita da shi likitan ya gaya mana abin da muka riga muka sani amma muka hau jirgi don a faɗa mana da wani bakin: abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya rage gudun abin. Na tambaye shi maganar gida. Ya ce kada mu yi gardama da shi, kada mu gaya masa abin da zai tayar masa da hankali, don zai yi baƙin ciki ya manta, gobe ya sake tambaya, mu sake soka masa wuƙa a wuri ɗaya. Wallahi daɗi na ji. Na ji kamar an buga wa ƙaryata hatimi, na fito daga ofishin ina tafiya da sauƙi.

Rana ta huɗu ba mu da komai sai jiran jirgin washegari. Muka yi azahar a masallacin Azhar, muka tsallaka kasuwar Muski don ƙanwata ta saya wa 'ya'yanta kayan kitso da 'yan kunne. Duk wanda ya san cunkoson ɗawafi a goman ƙarshe ya san rabin Muski. Sauran rabin shi ne a ƙara amalanke da babura da adaidaita sahu a ciki, kowa yana ihu a ba shi hanya. Ina riƙe da hannun Baba gam. Sai ga wani a kan keke, ya ɗora wani dogon katako shaƙe da gurasa a kansa, hannu ɗaya a kan keken, yana ratsa mutane ko girgiza ba ya yi. Na ce wannan sai mabiyana sun gani. Na saki hannun Baba na zaro waya. Saboda ku na sake shi, amma laifin nawa ne. Hoton ya fito da kyau. Da na juyo babu Baba.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Tsoho ne da bai san sunan masaukinsa ba, bai san ƙasar da yake ba, takardunsa duk suna aljihuna. Ƙanwata ba ta zage ni ba, kallo ɗaya ta yi min, na gwammace zagin. Muka rabu, ita ta bi dama, ni na bi hagu, ina tare mutane ina tambaya: tsoho baƙi, farar jallabiya, hular Kano. A nan na manta da dokar rufe baki. Wasu suka girgiza kai, wasu suka nuna min hanyoyi uku a lokaci ɗaya don kada su ce ba su sani ba. Sai wani mai matse ruwan rake ya ce ya gan shi, yana tafiya da sauri kamar wanda aka aika, ya shige can. Ya nuna wani ƙaramin lungu tsakanin shaguna biyu, ya ce, "Haratul Yahud."

Na tsaya cak. Unguwar Yahudawa. Ni da aka haifa a Makka, ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, sai a labarai, kuma kun san irin labaran. Na kira ƙanwata a waya, muka shiga tare.

Lungu ne da mutum biyu ba sa jerawa sai sun goga kafaɗa. Benaye tsofaffi sun sunkuyo daga sama har sun kusa haɗa goshi, wayoyin lantarki sun yi saƙa a tsakaninsu, rana ba ta sauka ƙasa. Warin ƙonannen ƙarfe da wani ruwa mai yaji ya cika wurin, don kusan kowane ɗaki na ƙasa ya zama wurin aiki: nan ana narka ƙarfe, can ana wanke sarƙoƙin ƙarya su fito kamar zinariya, gaba kuma shagunan kayan wasan yara, bindigogin roba da 'yartsana a rataye bisa ƙofofin da aka sassaƙa da dutse. A saman wata ƙofa na ga tauraro mai tsini shida a jikin ƙarfen taga, an bi shi da koren fenti har ya kusa nutsewa. Mun wuce wani tsohon wurin ibadarsu, ƙofarsa a garƙame, ɗan sanda yana zaune a kujera a gabanta. Kusa da shi wani gida ya rufta ciki, matakalarsa ta hau sama ta tsaya a iska, kyanwoyi suna kwance a kan shara. Na tambayi wani mai shago ko akwai sauran masu unguwar. Ya ce ko ɗaya, tun yana yaro suka ƙare, sunan ne kawai ya ƙi tashi.

Muna ƙara nutsawa wani abu ya fara damuna. Ƙafafuna sun san wurin nan. Yadda lungun ke karyawa hagu ba zato, da 'yan matakala uku a tsakiyar hanya, da sanyin inuwa, da ƙarar rediyo daga taga, da kwandon da wata mata ta zuro da igiya daga sama, duk lungunmu ne na kan dutse. Ƙanwata ta kama hannun rigata ta ce, "Yaya, ka ga abin da na gani?" Na ce na gani.

Bayan matakalan muka same shi. Yana zaune a kan kujerar roba a bakin wata ƙofa, ya cire takalmansa ya jera su a gefe, kofin shayi a hannunsa. Fuskarsa a sake, irin yadda rabona da ganinta tun kafin asibiti. A bayansa wani dattijo Bamisire ne mai gashin baki fari, da tabarau a goshi da hannaye baƙi ƙirin da aiki, mai wurin goge ƙarfen da ke cikin gidan. Ya ce tsohon ya shigo ba sallama, ya leƙa ɗakuna, ya tambaye shi wa ya ba shi izinin sa inji a ɗakin mahaifiyarsa. Da ya ga yanayinsa sai ya kashe injin ya sa aka kawo shayi.

Baba ya gan mu ya ce, "Yawwa Inna, kin dawo. Kin ga an gama gyaran ba su gaya mana ba." Ya fara nuna mana ƙofofi da kofin shayin: nan gidan Tanko mai ɗinki, can na Hajiya Dudu mai waina, waccan tagar ta Malam Buhari ce da ke karantar da yara. Duk cikinsu babu mai rai. Na ce, "Baba, nan ba gida ba ne, Masar muke." Ya yi min kallon da ake yi wa direban da ya ɓata hanya. Ya miƙe, ya kama hannuna, ya kai shi jikin dutsen ƙofar ta dama, daidai kafaɗa. Ya ce, "To wannan mene ne?"

Rami ne ɗan siriri, tsawon yatsa, a ɗan karkace, bakinsa ya yi sumul. Babu komai a ciki.

A nan sai na gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Gidanmu na kan dutse yana da rami irin wannan, a dama, daidai kafaɗa. Kakata ce ta sa aka bar shi lokacin gini, ta cusa laya a ciki, ayoyi ne da malaminsu na Kano ya rubuta musu ranar da za su taso, aka ɗinke a fata. Duk wanda zai fita sai ya shafa wurin. Ina ɗan shekara goma sha bakwai, na yi karatun tauhidi na shekara biyu na ji babu malami sama da ni, na sa wuƙa na ƙwaƙulo layar, na warware, na ƙona takardar a bayan gida. Har yau ban ce a rataya laya ba, kada wani ya zo min da wa'azi. Amma ban yi shawara da kowa ba, kuma kakata tana da rai a lokacin. Baba bai ce min uffan ba, ko sau ɗaya. Ya dai ci gaba da shafa ramin, fanko, kullum zai fita, har ranar da aka kai shi asibiti. Abin da hannunsa ke lalube a bangon Rusaifa ke nan kowace safiya. Na sani sarai, ina yin kamar ban sani ba.

Ya danna yatsana a cikin ramin ya ce wa ƙanwata, "Ga shi nan, Inna. Wanda yaron nan ya kwashe miki." Bai san yaron ne yake riƙe da hannunsa ba.

Muka yi juyin duniya ya tashi, ya ƙi. Ya ce shi ya zo gida, direba ya tafi abinsa, a sallame shi. La'asar ta gabato, masu amalanke suna ta yi mana tsawa mu matsa. Ƙanwata ta raɗa min cewa in ce masa saura fenti, mu je mu dawo gobe. Na buɗe baki zan faɗa, ƙaryar tana kan harshena a shirye kamar kullum, sai mai wurin ya ga inda hannunmu yake ya fara bayani. Ni yake yi wa, ya manta Baba ya fi ni Larabci.

Ya ce masu gidan na farko su suka huda ramin. Wata 'yar takarda suke naɗewa mai ɗauke da kalmomin littafinsu, su sa a ciki, duk mai shiga da mai fita ya shafa. Mai gidan na lokacin, gyaran agogo yake yi, da 'ya'ya mata huɗu. Da zamani ya juya, zama ya gagare su, suka tafi da akwatunan da hannu zai iya ɗauka, suka zare takardarsu suka bar ramin. Mahaifin mai wurin ne ya karɓi gidan bayansu. Ya ce sau da yawa yana shirin toshe shi da siminti, sai wata shekara wata tsohuwa ta zo daga ƙasar waje, tana dogara sanda, tana Larabcin Masar irin na da wanda ba a yin sa yanzu. Ba ta nemi shiga ba. Ta sa yatsa a ramin, ta tsaya, ta yi kuka, ta tafi. Tun daga nan ya ƙyale shi, ko da wani zai sake zuwa. Da ya ji inda muka fito, ya yi murmushi ya ce bai taɓa zaton daga Makka mai zuwan zai fito ba.

Baba ya ajiye kofin a ƙasa. Cikin Larabci ya tambaye shi, "Masu gidan, sun dawo?"

"Ba su dawo ba, ya Hag," wato Alhaji.

"Maƙwabtansu fa?"

"Duk sun tafi."

Ya daɗe yana kallon ƙofofin da ya gama raba wa Tanko da Hajiya Dudu. Sannan ya juyo ya dube ni, ya kira ni da sunana. Rabon da in ji sunana a bakinsa an fi shekara. Da Hausa ya ce, "Namu fa?"

Ƙanwata tana girgiza min kai ta bayansa. Maganar likita tana kunnena. Amma ba direba ya tambaya ba, ɗansa ya tambaya, kuma ban iya ba. Na ce, "An rushe, Baba. Shekara uku ke nan. Ni na sa hannu."

"Duka lungun?"

"Duka dutsen."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ƙofar fa? Ka ciro ta?"

Na ce ban ciro ba. Na kwashe firji da na'urar sanyaya ɗaki da katifu, har da tsohuwar tasar yajinsa, amma ko waiwayar ƙofar ban yi ba.

Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya sunkuya ya sa takalmansa da kansa, ya gyara hula, ya kama hannun mai wurin da hannu biyu ya ce, "Samihni, ka yafe min, na shigo maka gida ba sallama." Mutumin ya sumbaci goshinsa, ya ƙi karɓar ko sisi na shayi. Baba ya wuce gaba muka bi shi, bai ƙara kallon ƙofa ko ɗaya ba har muka fito titi.

Na san abin da wasunku za su rubuto min a ƙasa. Ku ajiye, ni ma ina kallon abin da ake yi wa mutanen Falasɗinu, kuma yana hana ni cin abinci kamar yadda yake hana ku. Amma mai gyaran agogon nan da 'ya'yansa huɗu ban san sun yi wa kowa komai ba. Abin da na sani shi ne sun shafa ƙofarsu shekara da shekaru har dutse ya yi laushi, wata rana suka fita ba su dawo ba. Ban je neman tausayinsu ba, a hanya ya tare ni.

Washegari muka juyo. A jirgi da muka hango tekun Jidda ƙanwata ta ce min, "Gobe zai manta, ya sake tambaya. Kai za ka amsa, ni ba ruwana." Na ce na ji. Muka hau jirgin ƙasa, Baba ya zauna a jikin taga, bai ce komai a kan direba ba. Mun isa Rusaifa ana kiran la'asar, ita ta wuce gidanta a Utaibiyya.

Da safe na tashi na shirya amsa. Na zauna a falo ina jira ya sa takalmi. Bai sa ba. Washegari ma haka. Yau kwana ashirin da uku, bai sake taɓa takalman da kansa ba, suna nan a bakin ƙofa. Likita ya ce zai manta. Ya manta sunana, na koma direba tun a filin jirgi, ya manta mun je Masar, amma wannan ɗaya ta zauna. Yana cin abinci kaɗan, yana zama a gefen gado yana kallon labule. Ni da nake ɓuya a banɗaki don kada in ji "kai ni gida", yanzu da zai faɗa sau ɗaya da na yi sadaka. Ban sani ba ko daidai na yi. Ƙanwata ta ce ban yi ba.

Na je na ga inda dutsenmu yake. Fili ne shimfiɗaɗɗe, an zagaye shi da kwano, motocin aiki suna shiga suna fita. Na kasa gane ko ta ina lungunmu ya bi. Su can an bar musu suna da rami a jikin ƙofa, har baƙo daga wata ƙasa zai iya zuwa ya yi kuskuren gida. Mu ko inda za a tsaya a yi kuskuren babu. Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan, kuma a makare: ranar kwashe kaya na ɗauki duk abin da ake saya a kasuwa, na bar abu ɗaya da ba a sayarwa.

Ranar Alhamis da ta wuce na ari guduma da babbar ƙusa wurin mai gadin gidanmu, na huda rami a bangon ƙofar shuggarmu, a dama, daidai kafaɗarsa, tsawon yatsa. Ban sa komai a ciki ba. Ranar Juma'a na lallaɓa shi ya shirya mu je masallaci, na sa masa takalmi da hannuna. Da muka zo fita hannunsa ya tashi da kansa, ya lalubo bangon, yatsansa ya faɗa ciki. Ya tsaya, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya cire yatsan ya duba farar ƙurar da ta maƙale masa.

Ya ce, "Wannan sabo ne, malam direba. Bakinsa da kaifi, bai san hannu ba." Ya goge yatsan a jallabiya ya wuce.

Tun daga ranar, in zan fita aiki sai na shafa ramin, in na dawo in shafa. Na ce wa matata da yara su ma su riƙa yi. Na gidanmu shekara saba'in ya ɗauka kafin ya yi sumul, kuma na san Baba ba shi da shekara saba'in. Jiya ma sai da ya yanke ni a yatsa.